ALAMAR KWALBA: YADDA AKE GANE HAƊIN ABIN SHA NA GIDA

Duk wanda ya ratsa ta kasuwar Monday Market, ko Tashar Baga, ko kasuwar Gamboru a birnin Maiduguri da tsakar rana cikin watan Afrilu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, zai ga kuloli jere a bakin hanya cike da gorunan zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da ruwan tsamiya. Kusan dukansu a cikin gidaje aka yi su. Sana'a ce mai albarka wadda ta riƙe iyalai masu yawa, musamman matan da rikicin da ya soma a 2009 ya raba da garuruwansu, suka zo birni ba su da jari sai tukunya da hannuwansu. Amma in mutum ya ɗauki gora ɗaya ya jujjuya ta, da wuya ya sami abin da zai gaya masa wadda ta yi abin da ke ciki, ko ranar da aka yi shi. Sau da yawa ma takardar da ke manne a jikinta ta wani kamfanin ruwa ce ko na lemo, wanda bai san da zaman wannan zoɓo ba.

Muddin lafiya ake, ba mai kula da wannan. Ranar da mutane biyar ko goma suka kwanta da amai da gudawa, ranar ce ake neman asalin gorar, a rasa.

MENE NE HAƊI ƊAYA?

Abin da ake nufi da haɗi ɗaya shi ne duk abin shan da ya fito daga tukunya ɗaya, da ruwa ɗaya, da kayan haɗi ɗaya, a lokaci ɗaya. In mace ta dafa zoɓo da asuba ta cika gora 60, waɗannan gorunan 60 'yan uwan juna ne: abin da ya sami ɗaya, mai yiwuwa ya sami sauran. In ta sake ɗora wata tukunya da azahar, wannan haɗi ne dabam, ko da hannu ɗaya ne ya yi su, domin mai yiwuwa ruwan na biyu daga wurin wani mai ruwan aka saya, ko sukarin daga wani buhu ya fito. A ido launinsu ɗaya, a baki ɗanɗanonsu ɗaya. Amma kama da wane ba ta wane.

Masana'antu sun daɗe da gane wannan. Shi ya sa a jikin kwalbar magani ko gwangwanin madara ake ganin wasu ƙananan haruffa da lambobi. Haruffan BN suna gaban lambar haɗi. MFD na nuna ranar da aka yi kayan. EXP kuwa ranar da amfaninsu zai ƙare. Tun Dokar Abinci da Magunguna mai lamba 35 ta 1974, Gwamnatin Tarayya ta haramta sayar da abinci da alamar da za ta ruɗi mai saye. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC da doka mai lamba 15, aka ɗora mata wannan aiki. Ƙa'idojinta sun wajabta wa mai ƙunshe abinci don sayarwa ya rubuta sunan abincin, da abubuwan da aka haɗa shi da su, da yawansa, da suna da adireshin wanda ya yi shi, da lambar haɗi, da kwanakin nan biyu. Ba ado ne ya sa aka tilasta waɗannan ba. Igiya ce da ake bi daga bakin mara lafiya har zuwa tukunyar da cutar ta fito.

ABIN DA YA FARU A WASU WURARE

An ga amfanin wannan tsari ƙarara a ƙasar nan. A Nuwamba 2008 asibitoci a Legas da Ibadan da Zariya suka fara karɓar jarirai waɗanda ƙodarsu ta daina aiki farat ɗaya. Da likitoci suka tambayi iyaye abin da suka ba 'ya'yan, sai suna ɗaya ya yi ta maimaituwa: maganin haƙori mai suna My Pikin. Aka gwada shi, aka tarar da wani sinadari mai guba a ciki. Ya zuwa Fabrairu 2009 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ba da sanarwar rasuwar yara 84. Asara ce babba. Duk da haka, saboda kwalbar tana ɗauke da suna da lambar haɗi da adireshi, cikin 'yan kwanaki aka isa masana'antar aka rufe ta, aka yi shela a rediyo, aka shiga kantuna ana kwashe ragowar. A 2013 kotu ta ɗaure biyu daga cikin ma'aikatan kamfanin shekara bakwai-bakwai. Da a ce a cikin goruna marasa suna aka sayar da maganin nan, Allah kaɗai ya san inda adadin zai tsaya.

Sai a gwada wannan da abin da ya auku a Kano a watan Maris na 2021. Mutane suka riƙa zuwa asibiti da amai da jiri da fitsarin jini, daga unguwanni dabam-dabam. Bincike ya kai ga lemon haɗi na gida da garin ɗan tsami da ake zuba masa. NAFDAC ta ce gwajinta ya nuna wani sinadarin masana'antu ne mai suna haidiroksilamin aka sayar da sunan ɗan tsami. A watan Afrilu hukumomin lafiya na jihar suka ce mutum 10 sun rasu, wajen 400 kuma sun kwanta asibiti. A nan igiyar ta tsinke a wuri biyu. Mai sha bai san wanda ya haɗa lemon ba, mai haɗin kuma ya sayi farin gari ne a ƙullin leda, awo-awo, ba tare da ya ga buhun da aka ɗebo shi ba. Sakamakon haka, aka yi makonni ana lalube, kuma masu sana'ar da ba su da laifin komai suka yi asarar ciniki tare da masu laifi. Wake ɗaya ne ya ɓata gari, amma da yake babu alamar da za ta ware shi, garin duka aka zubar.

GIYAR GIDA

Ba za a kammala wannan bayani ba sai an taɓo burukutu da fito, domin a wajensu ne matsalar ta fi tsanani, kuma su ne aka fi kawar da kai daga zancensu. Matsayin doka a fili yake. Jihar Borno ta yi dokar hana cinikin giya a shekarar 2000, kuma a watan Janairu 2017 gwamnatin jihar ta ba da sanarwar hana sayar da ita, ban da cikin barikokin soja da na sauran jami'an tsaro. Wannan ƙasida ba ta kiran kowa ga dafawa ko sha. Sai dai ma'aikacin lafiya ba ya zaɓen wanda za a kawo masa, kuma sananne ne cewa giyar dawa tsohuwar al'ada ce a tsakanin wasu al'ummomi na kudancin jihar da maƙwabtansu, inda akan sha ta a wurin gayya da bukukuwa da zaman makoki.

Daga tsiron dawa ake yin burukutu, kuma aikinta kan ci kwanaki. Abu biyu game da ita sun shafi maganar alama. Na farko, masu dafawa kan ɗebi ragowar tsohon haɗi su zuba a sabo domin ya tashi. Ke nan in wani aibu ya shiga tukunyar wannan mako, yana iya bin ta mako mai zuwa, kuma ba a iya sanin inda ya soma sai in an san jerin tukwanen. Na biyu, burukutu abu ne mai rai. Ba a tace ta ƙal, ba a kashe ƙwayoyin yistin da ke cikinta, saboda haka tana ci gaba da tsima tana fitar da iska har bayan an sauke ta. Cikin 'yan kwanaki takan yi tsami ta lalace. In aka ɗure ta a kwalba aka toshe, a zafin Maiduguri, kwalbar na iya fashewa.

A da, tukunyar ita ce alamar kanta. A gidan mai dafawa ake sha, a ƙwarya, a ranar da ta nuna. Mai sha ya san gidan, ya san matar, ya san ko ta yau ce ko ta shekaranjiya. In wani abu ya faru, duk ƙauyen ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Abin da ya sake shi ne jarka da gorar roba. Da zarar abin sha ya bar gidan da aka yi shi, ya hau babur, ya bi ta hannu uku ko huɗu a ɓoye, wannan sanayya ta ƙare, kuma babu abin da ya maye gurbinta.

Barasar da ake turarawa, watau ogogoro, ta fi haɗari nesa ba kusa ba. A watan Afrilu 2015, a garin Ode-Irele na Jihar Ondo, mutane aƙalla 18 suka mutu cikin 'yan kwanaki. Ciwon kai, sai gani ya dushe, sai makanta, sai mutuwa. Da fari wasu sun ce fushin abin bauta ne. Bincike ya nuna sinadarin metanol ne a cikin barasar da suka sha. A watan Yuni na wannan shekara gommai suka sake mutuwa a Jihar Ribas ta hanya ɗaya, har hukuma ta hana shan ogogoro a ƙasa baki ɗaya a lokacin. Muguntar metanol ita ce ba shi da wani wari ko ɗanɗano da zai bambanta shi da barasa, kuma alamunsa kan jinkirta awa 12 zuwa 24. Kafin mutum na farko ya fara lalube, an riga an rarraba ragowar jarkar zuwa wurare da yawa. Cokali biyu ko uku na tsantsarsa sun isa su makantar da babban mutum.

A ƙasashen da doka ta yarda mutum ya dafa giyar da zai sha a gidansa, kamar Ingila tun 1963 da Amurka tun ƙarshen shekarun 1970, masu yin haka suna da wata ɗabi'a da ta cancanci a lura da ita. Sukan rubuta lambar haɗi a kan murfin kowace kwalba, ba a jikinta ba, domin murfin akan yar da shi, kwalbar kuwa a wanke ta a sake cikawa. Lambar tana komawa ga wani littafi da aka rubuta ranar dafawa da ranar ɗurawa. In kwalba ɗaya ta fashe a ɗaki, nan take mai ita ya san sauran 'yan uwanta, ya ware su. Dabarar ba ta giya ba ce kaɗai. Ta dace da kowane abin sha da ake ɗurawa a gida.

KUNU MA YANA JUYAWA

Musulmi mai shan kunun zaƙi yana iya cewa wannan zance bai shafe shi ba. Ya shafe shi. Hatsi da ruwa da zaƙi da zafi, su ne dai abubuwan da ke haifar da tsimi, ko da niyya ko babu. Kunun zaƙi da aka bari ba sanyi da wuya ya wuce yini ɗaya bai fara juyawa ba. Kunun aya ya fi shi saurin lalacewa. Gorar da ta kumbura, ko ta yi tsaki da aka buɗe ta, ta riga ta kama hanya. Ƙidayar kwanakin abin sha ba baƙon abu ba ne ga Musulmi: ya zo a Sahihu Muslim cewa akan jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi, ya sha a ranar da kashegari har yammacin rana ta uku, sa'an nan a bayar da abin da ya rage ko a zubar. To, mai saye a tasha ta yaya zai ƙidaya kwanaki alhali bai san ranar farko ba?

Mutanen Maiduguri sun san abin da rashin wuta ke yi wa firji, tun daga Janairu 2021 da aka lalata turakun da ke kawo lantarki daga Damaturu, birnin ya yi dogon zama cikin duhu. Gorar da ta daskare da dare, ta narke da rana, ta sake daskarewa, sanyinta a hannu ba ya ba da labarin kwanakinta.

YADDA AKE SA ALAMA

Ba a bukatar injin ɗab'i. Salatif na takarda da alƙalamin da ruwa ba ya wanke shi sun wadatar, kuma kuɗinsu bai kai ribar goruna kaɗan ba. Abubuwa uku ne lalle su fito: wadda ta yi, ranar da aka yi, da lambar tukunya. Misali, in an rubuta 14/4/2, ma'anarsa tukunya ta biyu ta ranar 14 ga Afrilu. A gefensa a sa suna, ko laƙabin sana'a, da unguwa. A kan murfi ya fi kyau a rubuta kwanan watan, domin gumin ƙanƙara kan ɓamɓare abin da aka manna a jikin gora. A sa alamar a lokacin ɗurawa, tukunya tana gaban mutum. Wadda ta bari sai an gama duka ta zo tana tuna wace gora ce ta safe, ta riga ta ruɗe.

Rashin boko ba uzuri ba ne. Ajami yana aiki sarai. Wadda ba ta rubutu ko kaɗan kuwa sai ta ware wa kowace rana launin zare, ta ɗaura a wuyan gora: ja na Asabar, fari na Lahadi, kore na Litinin, haka har kwana bakwai su cika. Launin zai maimaitu bayan mako, amma wannan ba damuwa ba ce, tun da babu kunun da ya kamata ya ga mako.

Akwai wata ɗabi'a guda da ke rushe duk wannan tsari, watau juye kwantan jiya cikin sabon haɗi don gudun asara. Wadda ta yi haka ta mai da kwanan watan da ta rubuta shaidar zur. Kwantai in yana da sauran kyau a sayar da shi da alamarsa ta jiya, a sa shi a saman kula ya fara fita. In ya juya a zubar.

Alamar gora rabin aiki ce, sauran rabin yana cikin littafi. Ƙaramin littafin makaranta ya isa. Kowane haɗi a ba shi layi ɗaya: gora nawa ya bayar, daga ina ruwan ya fito, wurin wa aka sayi sukari da ɗan tsami da kala da ƙanƙara, kuma wane yaro ne ya ɗauki talla zuwa wace tasha. Abin da ya faru a Kano ya isa ya nuna muhimmancin layin kayan haɗi. Kada a sayi farin gari a ƙullin leda sai an ga buhunsa, an ga suna da lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewa. Zancen ruwa kuwa, mazauna Gwange da sauran unguwannin da ambaliyar madatsar Alau ta mamaye ranar 10 ga Satumba 2024 ba sa bukatar dogon bayani. Rijiyoyi da masai sun cakuɗe, kuma a watan Oktoba gwamnatin jihar ta tabbatar da ɓarkewar kwalara. Alamun kwalara na iya ɗaukar daga awa 12 har kwana 5 kafin su bayyana. Ba wanda zai iya tuna wurin wane mai kura ya sayi ruwa kwana biyar da suka wuce, sai wanda ya rubuta.

Mai firji kuma ya kyautu ta ajiye gora ɗaya daga kowane haɗi har kwana uku. Sau da yawa wannan gorar ce ke wanke mai sana'a daga zargi, domin ba kowane ciwon ciki ne daga abin shan da aka tuhuma yake fitowa ba.

TSOHUWAR KWALBA

Mafi yawan gorunan da ake ɗura zoɓo tsintattu ne, ana saye a wurin masu tarawa. Babu wanda ya san hannun da suka bi. Wata an zuba fetur a cikinta, wata kananzir, wata maganin ƙwari irin fiya-fiya, wata kuma daga bolar asibiti aka ɗauko ta. Roba tana shan wari da guba, kuma ɗauraya ɗaya ba ta fitar da su. Duk gorar da ke da baƙon wari, ko ta dafe, ko ta ƙarce a ciki, a huda ta a yar. Wadda aka zaɓa a cire mata tsohuwar takarda gaba ɗaya kafin a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, domin barin sunan wani kamfani a kan abin da bai yi ba yaudara ce, kuma laifi ne a doka.

Haka nan a cikin gida. Shan kananzir yana daga cikin gubar da ta fi kai ƙananan yara asibiti a Nijeriya, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne: an zuba shi a kwalbar lemo an ajiye a ƙasa.

IN WANI YA KAMU

In mutum biyu ko fiye suka kamu da ciwo iri ɗaya bayan sun sha abu ɗaya, a fara da ceton rai. Mai amai da gudawa a soma ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya, a nufi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. A tafi da gorar, ko da ta ƙare, kada a wanke ta. A gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha, da lokacin, da wurin. Wannan ya fi zama wajibi ga wanda ya sha barasa ya ji ganinsa yana dushewa: akwai maganin gubar metanol, amma amfaninsa na raguwa da kowace awa, kuma kunyar faɗa ta jawo wa mutane da yawa makanta. Aikin likita magani ne, ba shari'a ba.

Ita kuwa mai sana'a, da jin labari sai ta buɗe littafinta, ta dakatar da wannan haɗin kaɗai, ta aika a dawo da 'yan tallan da suka fita da shi, ta kai gorar ajiya ga ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukuma. Su ne za su sadar da ita ga NAFDAC, wadda ke da ofishi da ɗakin gwaji a Maiduguri. Wadda cinikinta ya bunƙasa har tana kai kaya kantuna da otal-otal, a wannan ofishin ne za ta nemi rajista ta ƙananan masana'antu, kuma littafin haɗi na daga cikin abubuwan da jami'an za su nemi gani ranar da suka zo duba wurin aikinta.